Wuƙa ko Haƙuri: Wa Ke Yanke Hukunci a kan Ƙullutun Fankiriyas?

Akwai ciwon da ke kai mutum asibiti, akwai kuma wanda asibiti ke danƙa wa mutum a cikin ambulan ya koma da shi gida. Ƙullutu mai ruwa da ke tsirowa a jikin fankiriyas yana cikin kashi na biyu. Mafi yawan masu ɗauke da shi ba su taɓa jin ya motsa ba. Wani ciwon baya ne ya kai shi ɗaukar hoto, wata tsakuwar ƙoda ake nema, wani kuma haɗarin mota ya yi aka ce a duba cikinsa, sai ga layi ɗaya a ƙasan rahoton mai karanta hoto: an ga ƙullutu mai ruwa, girmansa kaza, a fankiriyas, a nemi shawarar ƙwararre. Daga ranar barcin gidan ya ragu.

Ita fankiriyas gaɓa ce doguwa mai taushi, tsawonta wajen santimita 15, tana kwance a gicciye can bayan tumbi, dab da ƙashin baya. Likitoci sun kasa ta uku: kai, gangar jiki da wutsiya. Kan yana zaune a cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, wutsiyar kuma tana taɓa saifa. Aiki biyu take yi. Tana haɗa ruwan narkar da abinci, fiye da lita guda a kowace rana, tana tura shi hanji ta wani siririn bututu da ya ratsa ta daga wutsiya zuwa kai. Tana kuma samar da insulin da ke daidaita sukarin jini. Saboda zurfin wurin da take, hannun likita ba ya jin ta idan ya danna ciki, kuma shekaru aru-aru abin da ke cikinta ba ya bayyana sai ya yi ɓarna.

Na'urorin CT da MRI ne suka yaye wannan labule, sai aka tarar da abin da ba a yi zato ba. Wani nazari da aka wallafa a 2008 daga asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka ya duba hotunan CT na mutanen da ba su da wata matsalar fankiriyas da aka sani, ya samu ƙullutu a jikin kashi 2.6 cikin 100. Bayan shekara goma, a 2018, masu bincike a yankin Pomerania na arewacin Jamus suka ɗauki hoton MRI na mutanen gari sama da 1,000, na'urar da ta fi kaifin ido wajen ganin ruwa, suka samu ƙullutu a jikin kusan rabinsu, akasari ƙanana ƙwarai, kuma yawansu na ƙaruwa da shekaru. Ke nan idan ka tara dattawan unguwarku ka bi su da wannan na'ura ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka rasa masu shi da yawa, kuma galibinsu za su cika kwanakinsu ba tare da ya taɓa damun su ba.

To me ya sa ake tsorata? Saboda sunan gaɓar. Dajin fankiriyas yana cikin mafi muni da aka sani. Ko a Amurka, da duk kayan aikinta, waɗanda ke kai shekara biyar bayan an gano shi ba su wuce kimanin kashi 13 cikin 100 ba. Akasari ana gano shi ne bayan ya yaɗu. Wasu daga cikin ƙullutan nan kuwa matakin farko ne na hanyar da ke ƙarewa a wannan daji, kuma suna iya ɗaukar shekaru kafin su rikiɗe. Don haka ƙullutun da aka gani bisa tsautsayi yana iya zama wata dama da ba kasafai ake samun irinta ba, ta a tare mugun ciwo tun bai kankama ba. Yana kuma iya zama abin da bai kai a tayar masa da hankali ba ko kaɗan. A hoto na farko, sau da yawa kamarsu ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya san cewa kalmar ƙullutu a nan rumfa ce da ta tara baƙin da ba danginsu ɗaya ba. Akwai wanda ba ƙari ba ne ma sam: ruwa ne da ke taruwa bayan fankiriyas ta yi kumburi mai tsanani, wanda tsakuwar matsarmama ko yawan shan giya kan jawo, kuma ba ya zama daji. Akwai mai tsararren ruwa, wanda cikinsa ke kama da saƙar zuma, an fi ganinsa a jikin mata masu manyan shekaru. Wannan kusan ba ya taɓa rikiɗewa, ana barinsa sai idan ya girma har ya danne maƙwabtansa. Akwai mai ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, wanda kusan mata kaɗai yake kamawa, yawanci masu matsakaicin shekaru, a gangar jiki ko wutsiyar gaɓar. Shi yana iya rikiɗewa, shi ya sa ake yawan cire shi. Sai a 1978 ne wasu masana nazarin tsoka biyu a Amurka, Compagno da Oertel, suka fayyace bambancin waɗannan biyun, kafin nan ana yawan cakuɗa su. Akwai kuma wani da ba a cika gani ba, mai kama 'yan mata da matasan mata, wanda likita Virginia Frantz ta bayyana a 1959. Shi ana cire shi, kuma galibi ana warkewa sarai.

Wanda ya fi yawa, ya kuma fi wahalar da likitoci, shi ne wanda ake taƙaita sunansa da IPMN. Likitocin Japan ƙarƙashin Kazuhiko Ohhashi ne suka fara bayyana shi a 1982. Yana tsirowa ne daga fatar cikin bututun fankiriyas, yana fitar da yauƙi har bututun ya kumbura. Idan babban bututun ya kama, lamarin babba ne: a cikin waɗanda aka yi wa tiyata saboda irinsa, an tarar wajen kashi 60 cikin 100 ya riga ya zama daji ko yana bakin zama. Idan kuwa a wani reshe na gefe yake, ƙarami, bangonsa sumul, haɗarin kaɗan ne a kowace shekara. Abu ɗaya, suna ɗaya, amma wurin zamansa da faɗin bututu da milimita kaɗan su ne ke raba wanda za a kwantar a ɗakin tiyata da wanda za a ce ya je ya dawo baɗi.

Rarrabe su ba wasa ba ne, ko a hannun gwanaye. A 2010 likitocin babban asibitin Massachusetts da ke Boston suka koma kan bayanan marasa lafiyarsu da aka ga ƙullutunsu bisa tsautsayi aka kuma cire, suka gwada abin da aka yi zato kafin tiyata da abin da madubin ɗakin gwaji ya nuna bayanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku, zaton bai yi daidai ba. Wannan fa a ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin tiyatar fankiriyas na duniya.

Mai karatu zai iya cewa, to a cire kawai mana a huta. Da ƙurji ne a hannu, da haka za a yi. Amma idan ƙullutun yana kan fankiriyas, aikin da ake yi shi ne wanda ya ɗauki sunan Allen Whipple, likitan New York da ya bayyana shi a 1935, ko da yake Walther Kausch ya riga shi gwadawa a Berlin tun 1909. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da jakar matsarmama, da ƙarshen bututun da ke sauko da ruwanta, wani lokaci har da wani yanki na tumbi, sannan a ɗinke abin da ya rage da hanji a wuri uku. Aiki ne na sa'o'i masu yawa. A shekarun 1960 da 1970, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya fita asibiti da rai. Yau a manyan cibiyoyi adadin ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100, amma har yanzu kashi 30 zuwa 50 na fuskantar wata matsala bayan aikin, mafi shahara ita ce ɗinkin ya yi yoyo, ruwan da aka halitta don narkar da nama ya zuba a cikin ciki. Wani babban nazari da John Birkmeyer da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 ya nuna cewa a asibitocin Amurka da ba su cika yin wannan tiyata ba, mace-mace sun kai kusan kashi 16 cikin 100, a waɗanda suka saba da ita kuwa ba su kai kashi 4 ba. Hannun mai wuƙa yana da tasiri, amma haka ma idon nas ɗin da ke lura da launin ruwan da ke fita ta robar ciki a dare na uku, da likitan hoto da zai iya zura allura ya zuƙe ruwan da ya taru ba tare da an sake buɗe mutum ba.

Idan a wutsiya ƙullutun yake, aikin ya fi sauƙi, sai dai sau da yawa saifa na tafiya tare da ita. Ga mutumin Boston wannan na nufin wasu allurai na rigakafi da ƙarin kula da zazzaɓi. Ga mutumin Kano ko Maraɗi, inda sauro ke cizo kowace damina, rashin saifa na ƙara haɗarin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har ƙarshen rayuwa. Wanda aka rage wa fankiriyas yana iya samun ciwon sukari, yana kuma iya buƙatar haɗiyar kafso na sinadaran narkar da abinci a kowane cin abinci. Waɗannan kafso suna da tsada, kuma daga fankiriyas ɗin alade ake sarrafa su. Musulmin da zai rayu da su yana da haƙƙin ya san haka, ya tambayi malaminsa hukuncin lalura, tun kafin ya sa hannu a takardar tiyata. Duk wannan nauyi, a ɗora wa mutumin da ya shigo asibiti da ƙafarsa lafiya lau, sannan sakamakon ɗakin gwaji ya dawo ya ce saƙar zuma ce da ba za ta taɓa cutar da shi ba: garin neman ƙiba an samo rama.

Saboda haka babban aiki a wannan ciwo yana faruwa ne kafin a ɗauki wuƙa, wato yanke hukuncin a yanka ko a bari. Kuma hujjojin da ake buƙata don wannan hukunci a warwatse suke a hannun mutane daban-daban. Likitan hoto ne ke iya cewa ƙullutun na haɗe da bututu ko a'a, ya auna faɗin babban bututun, ya bambance curin yauƙi da tsiron tsoka mai jini a bango. Likitan ciki da hanji ne ke zura bututu mai kyamara ta baki zuwa tumbi, a bakinsa akwai na'urar hoton sauti, ya kalli ƙullutun daga tazarar yatsa, in ya cancanta ya soka siririyar allura ya zuƙo ruwan. Ɗakin gwaji ne ke auna wannan ruwa: wani sinadari mai suna CEA idan ya haura 192 a ma'aunin da aka saba, ko sukarin ruwan ya yi ƙasa sosai, alama ce ta mai yauƙi ne, a manyan cibiyoyi har sauye-sauyen ƙwayoyin gado irin su KRAS da GNAS ake nema. Likitan tiyata ya san abin da cirewar za ta ci. Likitan sa barci da likitan zuciya su ne za su ce ko jikin wannan dattijo zai iya jure sa'o'i shida a kan tebur. Kowannensu na da gaskiya a nasa ɓangaren, kuma kowannensu, shi kaɗai, yana karkata ne zuwa ga abin da hannunsa ya saba yi. Wannan ba zargi ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce.

Na ga yadda rashin haɗuwarsu yake a aikace lokacin da aka samu irin wannan ƙullutu a jikin gwaggona, tsohuwar malamar firamare da ta haura sittin da kaɗan. Ciwon kwiɓi ne ya kai ta hoto, aka samu 'yar tsakuwa a ƙoda, wadda ta fita da kanta bayan mako biyu. Abin da ya zauna shi ne layin ƙarshe na rahoton: ƙullutu mai santimita 2.2 a kan fankiriyas. Ni ne ɗan'uwan da ake ganin ya iya magana da likitoci, don haka ni na zama mai riƙe ambulan. Likitan farko, mai tiyata a wani asibiti mai zaman kansa, ya karanta rahoton, bai buɗe faifan hoton ba, ya ce irin wannan ba a jira da shi. Na biyu ya ce ba komai ba ne, ya rubuta mata maganin gyambon ciki. Kafin mako ya zagayo wani dillalin kai marasa lafiya Indiya ya samu lambar ɗanta, ya turo lissafin kuɗin tiyata da na jirgi da na masauki, aka fara maganar sayar da filin da marigayi mijinta ya bari. Duk likitan da muka je wurinsa sai in ba shi labarin abin da na baya ya faɗa, da kalmomina, ni da na karanta aikin jarida. Hujjar da za a yanke hukuncin ran mutum a kanta tana yawo ne a bakin wanda bai san bambancin reshe da babban bututu ba.

Abin da ya warware lamarin ba wata sabuwar na'ura ba ce. Wata likitar ciki ce a wani asibitin koyarwa ta nemi a yi MRI na musamman mai nuna bututun, sannan ta ce mu ba ta mako guda. A cikin makon ta zauna da likitan hoto da likitan tiyata, su uku a gaban allon kwamfuta ɗaya. Suka ga ƙullutun na haɗe da wani reshe, babban bututun bai faɗaɗa ba, babu tsiro a bango, idonta bai yi rawaya ba, gwajin jininta lafiya. Shawararsu ita ce a sake hoto bayan wata shida, a kuma sake bayan wasu shida, in bai canza ba a koma shekara-shekara. Da na fassara wa gwaggo, sai ta yi shiru, can ta ce: "To ɗan nan, ciwo ne da ni ko ba ciwo ba ne?" Na ce: "Gwaggo, abin da za a riƙa dubawa ne." Ta ce ita ba ta san wani abu tsakanin lafiya da rashinta ba. Ban ga laifinta ba. Kowane hoto yana cinye kusan fanshonta na wata biyu, kuma mako biyu kafin ranar hoton ba ta cin abincin kirki. Filin dai yana nan.

Abin da waɗannan likitoci uku suka yi don raɗin kansu, a wasu wurare tsari ne mai ofis da ranar zama. Asibitin Johns Hopkins ya buɗe sashe na musamman don masu ƙullutun fankiriyas, inda mara lafiya ke zuwa da hotunansa, a sake karanta su daga tushe, a yi masa gwajin da ya rage, sannan likitocin ciki da na tiyata da na hoto da na nazarin tsoka su zauna a kan lamarinsa su fito da shawara ɗaya. A 2014 Anne Marie Lennon da abokan aikinta suka wallafa sakamakon mutane sama da 200 da suka bi ta wannan sashe. A kusan kashi 30 cikin 100, shawarar da mutum ya shigo da ita daga waje ta canza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda canjin ya nufa. Na ɗauka tun da fari cewa amfanin taron shi ne hana tiyatar da ba ta zama dole ba, kuma hakan ya faru ga wasu da aka turo don a yanka aka ce su koma gida a riƙa duba su. Amma waɗanda aka ƙara wa matakin kulawa sun fi yawa: mutanen da aka ce musu su kwantar da hankali, alhali a hotonsu akwai alamar da ido ɗaya ya tsallake. Likitan da ya rubuta wa gwaggo maganin gyambon ciki ya dace ne kawai, da ƙullutun wani iri ne da amsarsa ta zama mafi haɗari a cikin duka.

Tunanin tara ƙwararru a kan mara lafiya ɗaya ya samu gindin zama a hukumance a Birtaniya bayan rahoton Calman da Hine na 1995, wanda manyan jami'an lafiya na Ingila da Wales suka fitar saboda sun lura cewa makomar mai ciwon daji ta dogara ne da wane asibiti ya faɗa da kuma wane likita ya fara gani. Daga nan zaman mako-mako na tawagar ƙwararru ya zama ƙa'ida a kula da masu daji a ƙasar, wasu ƙasashe ma suka ɗauka. A kan ƙullutun fankiriyas buƙatar ta fi tsanani, domin ko littattafan jagora ba su daidaita ba. Ƙungiyar masana fankiriyas ta duniya ta fitar da ƙa'idojin Sendai a 2006, ta sabunta su da na Fukuoka a 2012, ta gyara a 2017, sannan na Kyoto suka fito a 2024. A cikinsu akwai alamomin da ke cewa a shirya tiyata: ciwon shawara saboda ƙullutun ya toshe hanyar ruwan matsarmama, tsiro mai jini da ya kai milimita 5 a bango, ko babban bututu da ya kai milimita 10. Akwai kuma alamomin da ke cewa a ƙara bincike, kamar ƙullutun ya kai santimita 3, ko yana saurin girma, ko mutum ya samu sabon ciwon sukari. Zuwa nan yawancin masana sun yarda. Amma ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka a 2015 ta ce idan ƙullutu ya shekara biyar bai canza ba a daina duba shi, ƙa'idojin Turai na 2018 kuwa suka ce a ci gaba muddin mutum na da ƙarfin jure tiyata. Hujjar masu cewa a ci gaba ita ce mai IPMN na iya samun daji a wani wuri daban na gaɓar, nesa da ƙullutun da ake kallo. Hujjar masu cewa a daina ita ce kuɗi da fargaba da ake ɗora wa dubban mutane don a kama 'yan ƙalilan. Ƙa'idojin Kyoto, da suka zo kan ƙananan da ba su kai santimita 2 ba kuma suka shekara biyar shiru, sai suka ajiye zaɓin biyu a kan tebur. Idan manyan masanan duniya sun bar tambaya a buɗe, ban ga hikimar barin likita ɗaya, a ƙarshen yini mai marasa lafiya sittin, ya rufe ta shi kaɗai ba.

Sai dai ba na son a ɗauka cewa tara mutane a ɗaki shi ne maganin komai. Na halarci taron editoci na safe da ba su ƙirguwa, na kuma san yadda taro ke iya zama mutum ɗaya mai magana da mutum goma masu gyaɗa kai. Matashin ɗan rahoto da ya je wurin da abin ya faru yakan yi shiru idan babban edita ya riga ya faɗi ra'ayinsa. A al'adarmu ta girmama na gaba, wadda asibitocin koyarwa suka ƙara mata tsani na muƙamai, ƙaramin likitan hoto da ya ga abin da farfesan tiyata bai gani ba yana buƙatar ƙarfin zuciya kafin ya buɗe baki. Taron da ba a tsara shi yadda na ƙasa zai fara magana ba, hukuncin mutum ɗaya ne da aka sa wa hannu goma, kuma ya fi wuyar ƙalubalanta saboda yanzu ana kiransa shawarar tawaga. Akwai kuma kujerar da galibi ke zama fanko, ta mara lafiyar. Masu zaman suna da hoto da lambobi, amma ƙila babu wanda ya san cewa matar nan daga ƙauye mai nisan sa'a huɗu take zuwa, ko cewa ba za ta iya biyan MRI sau biyu a shekara ba. Shawarar a riƙa dubawa tana da aminci ne kawai idan za a dawo a duba. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin kula da lafiya ke fita daga aljihun jama'a kai tsaye, wannan tambaya tana da nauyin faɗin bututu, kuma ana iya samun matashiyar da cire ƙullutunta sau ɗaya ya fi mata alheri a kan alƙawarin hoto na shekara talatin da ba za a cika ba. Shi ya sa a tawagogin da suka amsa sunansu ake samun nas mai kula da lamarin kowane mara lafiya, wadda ta zauna da shi, ta san gidansa, take kai muryarsa ɗakin taro, take kuma buga waya idan ranar hoto ta wuce bai zo ba.

Ana iya cewa wannan duk zancen ƙasashe masu arziki ne, mu da likitocinmu ke ta ficewa waje, kuma na'urar hoton sauti ta cikin tumbi ba a kowane babban birni ake samunta ba. Gaskiya ne ba mu da kayan Baltimore. Amma ɓangaren da ya canza shawara a can, akasarinsa sake karanta hoton da aka riga aka ɗauka ne da zama a tattauna, abin da ke cin sa'a guda da allo ɗaya. Ba dole ba ne ma masu zaman su kasance a gari ɗaya. Tun 2003 likita Sanjeev Arora ya fara shirin ECHO a jihar New Mexico, inda likitocin karkara ke gabatar da marasa lafiyarsu masu ciwon hanta ga ƙwararru ta bidiyo a kowane mako, tsarin da aka kwaikwaya a ƙasashe da dama kan cututtuka daban-daban. Likitan hoto ɗan Zariya da ke aiki a Manchester zai iya kallon hoto ɗaya da abokin karatunsa da ke gida a lokaci guda. Abin da ke hana hakan ya fi kama da rashin wanda aka ɗora wa alhakin kiran taron, da rashin lissafa wannan sa'a a matsayin aiki, domin asibiti na karɓar kuɗi a kan tiyata da hoto, amma ba ya karɓar ko sisi a kan zaman da ya ƙare da cewa kada a yi komai.

Kafin a kai can, nauyin yana kan mai riƙe ambulan. Ya karɓi faifan hoton kansa, domin rahoton da aka buga a takarda ra'ayin mutum ɗaya ne, kuma wanda zai sake dubawa hoton yake buƙata. Ya ajiye tsofaffin hotuna ko da na wani ciwo ne daban, saboda ƙullutun da aka gani a hoton shekara huɗu da suka wuce da girmansa na yau ya riga ya amsa rabin tambayar. Ya tambayi likita wane nau'i ake zato kuma da wace hujja, milimita nawa ne faɗin babban bututun, akwai tsiro a bango ko babu, da kuma su wa suka kalli hoton ban da shi. Idan an ce tiyata, ya tambaya sau nawa ake yin irinta a wannan asibiti a shekara, ko a Abuja yake ko a Delhi ko a Alƙahira. A Holan asibitin da bai kai aikin Whipple 20 a shekara ba, ba a so ya riƙa yin sa. Idan kuma ido ya fara rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko jiki na ramewa ba dalili, ko ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya ya taso, ba a jiran ranar hoto ta gaba.